Ludayin da Ya Suɓuce wa Surukarki

Argungu, safiyar Talata

Zuwa ga ɗiyata Nana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta iske ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da duk mutanen gidanku na unguwar Badariya a Birnin Kebbi. Ya baƙunta? Allah ya sa kin shiga da ƙafar dama, ya zaunar da ke lafiya, ya tsare ki fita da shiga. Babanku ya kwana lafiya, ƙannenki suna gaishe ki.

Ba labarin gida na zauna in rubuta miki ba. Kada ki jira in ce wance ta haihu, ko an mayar da tukwanen biki. Magana ɗaya ta sa na ɗauki biro tun da na sallame sallar asuba. Maganar surukarki ce, Hajiya Kulu. Jiya na ga wani abu a jikinta, kuma in ba a kai ta asibiti yau ba, ina tsoron ta yi irin kwanciyar da babanku ya yi.

Kin san sun zo yi mana ban gajiya, ita da ƙanwarta. Sun shiga sun gai da babanku, sannan munka zauna a rumfa na dama musu fura. Tana cikin yabonki, wai tun ranar da anka kai ki ba ta ƙara ɗaukar tsintsiya ba, sai ludayin ya suɓuce daga hannunta ya faɗa cikin ƙwarya. Ta kai hannu za ta ɗauka, hannun ya ƙi. Na ɗaga ido sai na ga gefen bakinta na dama ya sauka, fura tana bin haɓarta. Ta ce wani abu, wallahi ko kalma ɗaya ban gane ba, kamar mai magana da tuwo a baki. Ƙanwarta tana can tana amsa waya, ba ta ga komai ba. Kafin in gama tsorata bakin ya koma daidai. Ta share haɓa da gefen mayafi, ta yi ’yar dariya ta ce, “Kai, gajiyar bikin nan har ta sa hannuna barci.”

Kin san abin da na ce mata? Na ce, “Sannu Hajiya, Allah ya huce gajiya.” Shi ke nan. Ni da ake gudun bakina a kasuwar kifi, ni da direbobin tasha suke cewa a sallame ni kafin in fara, sai ga ni na bar maganar a nan. Da na raka su ƙofar gida ma, ita da bakinta take gaya mini tun da anka fara hidimar biki ba ta sha ƙwayar hawan jininta ba, wai yawan fitsari take sa ta, ga gida cike da mutane. Na ji wannan ma, na ce Allah ya kiyaye hanya, na tsaya ina kallon motar har ta sha kwana.

Bayan magariba na kira ki, kin tuna. Na ji muryoyin dangin miji a ɗakin, ke kuma kina amsa mini ƙasa-ƙasa kamar yadda amarya take yi. Na ce ya baƙunta, kinka ce lafiya lau, na ce to madalla, na kashe. Ba laifinki ba ne. Ke ce ta fari, ban saba doguwar magana da ke ba, sunanki na yanka ma bai taɓa fita daga bakina ba. Shi ya sa na koma ga takarda, don ita ba ta kallon idona. Zan gaya miki yadda ciwon babanku ya faru, wanda ba ki taɓa jin gaskiyarsa ba, don kina makaranta a Sakkwato munka ce miki zazzaɓi ne ya yi ƙarfi.

Ciwon nan bai faɗo masa haka kawai ba, ya yi sallama kafin ya shigo. Wata safiya yana zaune a tsakar gida yana gyaran homa, ragarsa ta kamun kifi, ni ina jera kifi a kan banda. Sai na ji shiru, ya daina ’yar waƙar da yake yi. Na waiga na ga allurar ɗinkin a ƙasa, yana kallon hannunsa na dama kamar ba nasa ba. Na ce, “Malam, lafiya?” Ya buɗe baki, abin da ya fito ba magana ba ce. Kafin in wanke hannu in iso, ya warware. Ya murza hannun ya ce, “Sanyin ruwa ne, jiya na daɗe cikin gulbi.” Na ce ko dai a je a duba? Ya harare ni ya ce, “A duba mi? Ga ni garau.” Na dafa masa citta da kanumfari, na shafa masa man zafi, munka yi hamdala cewa abin ya wuce.

Bai wuce ba, Nana. Daga baya likita ta gaya mini cewa irin wannan ɗan gajeren, wanda yake zuwa ya tafi da kansa, shi ne gargaɗi. Jijiyar da take kai jini ƙwaƙwalwa ce ta toshe na ɗan lokaci ta sake buɗewa, kuma sau da yawa babban yana tafe a bayansa, wani lokaci ma ba ya daɗewa. Ta ce da mun zo ranar, da an bincika an ɗora shi a kan magani, wataƙila da babban bai zo ba. Don haka ki riƙe wannan da kyau: in hannun mutum ya mutu, ko bakinsa ya karkace, ko maganarsa ta harɗe, sannan ya warware, ba lokacin dafa citta ba ne. Ranar nan za a je asibiti, ko da yana tafiya da ƙafarsa yana rantsuwa cewa lafiyarsa lau.

Kafin wannan ma akwai maganar ƙwaya. An taɓa auna shi lokacin da ya je ciwon haƙori, anka ce jininsa ya hau sosai, anka rubuta masa magani, anka ce kullum. Ya sha na ɗan lokaci. Da kan ya daina sara masa sai ya ce ya warke, wai magani ai na majinyaci ne, shi mutumin da yake tura jirgi shi kaɗai daga nan har mashaya me zai yi da ƙwaya? Ni kuma, Allah ya yafe mini, daɗi na ji. Na ɗauka mun rabu da ciwo. Ni da hannuna na kwashe ragowar na jefa cikin wata tsohuwar samira a ƙarƙashin gado, suna can har yau sun narke sun manne.

Hawan jini ba ya yi wa mutum ihu. Ba zazzaɓi ba ne da za ki taɓa goshi ki ji. Mutum yana cin tuwonsa, yana zuwa fadama, yana dariya, abin yana cin jijiyoyinsa a hankali. Ba a gane shi sai da awo, ba a riƙe shi sai da shan magani kullum, ranar biki da ranar makoki, ranar da jiki yake daɗi ma musamman. In ƙwayar tana damun Hajiya da fitsari, a gaya wa likita, shi ya san yadda zai sauya mata ko ya gyara mata lokacin sha. Amma ba ita za ta ajiye da kanta ba. Kuma kada ki yarda da “na sha”. Tsofaffi mun iya wannan kalmar. Ki kai mata da ruwa ki tsaya har ta haɗiye, kina yi mata hira don kada ta ga kamar tsaronta kike yi.

Yanzu ranar da ya faɗi. Lokacin yankan shinkafa ne, ya kira gayya, mutane sun cika zaure da hantsi suna karyawa kafin su wuce fadama. Na aika da abinci, na kawo masa furarsa da kaina bakin ƙofar zaure ta ciki. Ya karɓa, ya ɗaga ludayi, ludayin ya faɗi. Ya dube ni. Ba zan manta wannan kallon ba har in koma ga Allah. Rabin fuskarsa ya zube, ido ɗaya kamar yana barci, ya jingina da bango yana sulalewa ƙasa.

Me kike tsammani na fara yi? Ihu? Neman mota? A’a. Labulen ƙofa na saki don kada ’yan gayya su gan shi a haka. Abin da ya fara zuwa raina ke nan, kada a ga maigida a ƙasa, kada a fita da labari cewa ya zube a gaban mutane, kada masu baƙin ciki su ji daɗi. Na kira Goggonku Larai, ƙanwarsa, munka ja shi zuwa ɗaki munka rufe ƙofa. Na aika a ce wa mutane su yi gaba, kansa ne yake ciwo, zai biyo su. A cikinsu akwai mai mota, tana ajiye a ƙofar gidanmu, ina jin sa’ad da ya tayar da ita ya tafi.

Goggonku ta ce iska ce ta buge shi, wai kwanan baya ya ratsa ta gindin tsamiyar bakin gulbi da tsakar rana. Munka zuba garwashi a kasko munka turara shi har ɗakin ya cika da hayaƙi, mu ma muna tari. Anka karɓo rubutu. Ni na tallafo kansa, ita ta ɗura masa. Ya sarƙe, ya yi ta tari, ruwan yana fita ta hanci, idanunsa sun yi ja, mu kuwa muna cewa ai abin ne yake fita. Anka kira wanzami ya yi masa ƙaho a ƙeya da kafaɗa, ya nuna mana baƙin jini ya ce ga mugun nan. Na ce to a kai shi Birnin Kebbi mana. Goggonku ta riƙe hannuna ta ce, “Ke, irin wanga ciwo ba ya son allura. Suna soka mishi ya tahi ke nan.” Na yarda, don ni ma haka na taso ina ji.

Da azahar ta yi bai motsa ba, hankalina ya gama tashi, na ce ko da allura ko babu sai an tafi. Sai ga wata sabuwa: ba a fita da namiji daga gidansa sai babban wansa ya ce. Baffanku Dikko yana garin Augie ranar. Da ƙyar anka same shi a waya, ya ce, “Kada kowa ya hita da shi sai na taho na gani da idona.” Kin san Baffanku, ba mugu ba ne, ƙaninsa yake so. Ni kuma matar ƙane ce, ban taɓa ɗaga masa murya ba. Munka zauna muna jiransa muna yi wa babanku fifita. Ya iso bayan la’asar, ya duƙa ya kira sunansa. Babanku ya yi ta ƙoƙari, can ya ce, “Alhamdu lillahi.” Ta fito sarai, babu gargada. Baffanku ya miƙe ya ce, “To ga shi yana ambaton Allah, ai da sauƙi. A bari mu ga kwanan shi.” Munka bari ya kwana.

Washegari da safe munka kama hanyar Birnin Kebbi, jikinsa ya yi zafi, numfashinsa yana ƙara. Likitar da ta karɓe mu, wata ’yar siririya ce, ba ta yi mana faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Tambaya ɗaya ta yi: “Mama, yaushe ya fara?” Na ce jiya da hantsi. Ta ajiye biro, ta dube ni, ta dube shi, ta ce, “Jiya?” Sannan ta ce ko an ba shi wani abu ta baki? Na ce rubutu, da ɗan kunu da dare. Ta ce shi ne ya bi ta hanyar numfashi ya sauka a huhunsa, don ciwon yana kashe maƙogwaro ma, mutum ba ya iya haɗiya daidai. Innalillahi wa inna ilaihi raji’un. Ni da nake ganin jinya nake yi, ashe da hannuna na ƙara masa wani ciwo a kan wanda yake da shi.

Anka ɗauki hoton kansa, anka yi masa allurai, ba ɗaya ba ba biyu ba, kuma bai mutu ba, su ne ma sunka ceto huhun. Amma ɓarin dama ya riga ya tafi, magana ta tafi. Likitar ta ce a wannan ciwo kowane ɗan lokaci da ya wuce wani yanki na ƙwaƙwalwa ne yake mutuwa, kuma abin da ya mutu ba ya dawowa yadda yake. Taimakon da ya fi amfani a sa’o’in farko ake yin sa. Mu kuwa sa’o’in farkon nan a hayaƙi da jiran Baffa munka ƙarar da su.

Ban ce kada a yi addu’a ba, kada ki ji ni ba daidai ba. Limamin unguwarmu da ya zo dubiya ya ce mini, “Ai da kun yi tofin a cikin mota.” Haka ne kuwa. Ki yi addu’a kina neman mota, ki yi kina hanya, ki yi a ƙofar asibiti. Amma kada ki ɗura wa mutum komai a baki, ko ruwa, ko rubutu, ko kunu, ko ƙwayar hawan jinin ma, sai likita ya ce. Ki kwantar da shi a gefensa, ki sassauta masa tufafi, ki dubi agogo ki riƙe lokacin da abin ya fara, don shi za a fara tambayarki. Babban asibiti za a nufa, inda ake ɗaukar hoton kai, ba shagon mai sayar da magani ba, don wani jijiya ce ta toshe, wani fashewa ta yi, kuma ba a gane wanne ne da ido.

In kina shakka, ki ce ta yi miki murmushi, ki ga ko gefe ɗaya ya ƙi tashi. Ki ce ta ɗaga hannu biyu, ki ga ko ɗaya yana zamewa ƙasa. Ki tambaye ta me ta ci da safe, ki saurari maganar. Kada ki gwada ta da salati ko hamdala, wannan shi ya ruɗe mu. Babanku har yau yana faɗin Alhamdu lillahi sarai, amma ba ya iya cewa a ba shi ruwa. Wani kuma ba ta hannu yake fara masa ba, sai ya ce ido ɗaya ya dushe, ko jiri ya kwashe shi ya kasa tsayuwa, ko kai ya sara masa irin saran da bai taɓa ji ba. Ko ɗaya kinka gani, ya isa. Kada ki saki labule, ki ɗaga shi, ki fita ki kira maƙwabta. Kada ki jira wanda yake Augie. In maigidanki yana wurin aiki, ki gaya masa kina cikin mota. A zage ki a ce amarya ba ta da kunya, zagin zai wuce, shanyewar jiki kuwa kin ga yadda take zama a gida.

Akwai abin da ya fi ci mini rai in na tuna, shi ne tukunyata. Babanku mai son gishiri ne, ni kuma mai son a yabi miyata. In na zuba gishiri sai in ƙara dunƙule, in ƙara wani, ga mai yana yawo a kai, ga yaji mai gishiri a gefe. In ya ce miyar yau ta ji hannu sai in ji kaina ya yi girma. Garin tabar da yake sawa a leɓe kuwa, ni nake saya masa ranar kasuwa. Yanzu ludayin miyar gidan can yana hannunki. Ki rage gishiri da dunƙule kaɗan-kaɗan yadda baki zai saba, daddawa da albasa da kifi suna ba miya daɗinta. Ki yawaita ganye, zogale da rama da alayyafo, ga su nan a Birnin Kebbi kamar banza. Lemon kwalba da ake tara wa Hajiya in baƙi sun zo, ki san yadda za ki yi da shi, kuma in kun je a auna mata suga ma. Sannan ki daina ƙwace mata tsintsiya. Na san ladabi kike yi, amma zaman wuri ɗaya ba gata ba ne ga tsoho. Ki bar ta ta motsa, ki raka ta gidan maƙwabta da ƙafa da yamma. Ke ma ki riƙa miƙa hannunki a auna ki, ke da maigidanki, don abin nan yana bin jini, kuma ku duka biyu kuna da shi a gida.

Na san abin da kike faɗi a ranki. Amaryar da ko lallen hannunta bai goge ba, yaya za ta dubi uwar miji ta ce mata ba ki da lafiya? Na sani, ni na koya miki sunkuyar da kai. Amma ki tuna ranar da za a tafi da ke, da kinka durƙusa gaban babanku. Ya ɗora hannunsa na hagu a kanki, bakinsa yana rawa, ya ce Alhamdu lillahi, ya sake cewa Alhamdu lillahi, hawaye yana zuba. Mata sunka ce Allah sarki, godiya yake yi. Ni na san ba godiya kaɗai ba ce. Mutumin nan tun kina goye yake tanadin abin da zai gaya miki ranar aurenki, kuma yana nan a cikinsa, ba ƙofar fita. Baffanku ne ya ba da aurenki, shi yana kwance a ɗaki yana jin hayaniyar maza a waje. Ba na son Hajiya Kulu ta ga jikanta ta kasa ɗaukarsa, ta kasa kiran sunansa.

Na kai nan a rubutu, niyyata in ba Goggonku Larai ta kawo miki tare da kayan gara a motar safe. Sai na shiga kai wa babanku koko. Ya ga idona, ya ƙi buɗe baki, yana ta kallona. Ban taɓa ɓoye masa abu ya ɓoyu ba, ko yanzu. Na zauna a bakin gado na gaya masa duka, ludayin, da bakin, da ƙwayar da ta ajiye, da sannun da na yi mata. Nana, ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba tun da ya kwanta. Ya bugi katifa da hannun hagu. Na ce ai ga takarda na rubuta, Larai za ta kai. Ya girgiza kai. Ya miƙa hannu ya jawo mayafina da yake rataye a kan gadon, ya tura mini shi a ƙirji, ya nuna ƙofa. Na ce, “Malam, uwar amarya a gidan suruki, ko sati ba a yi ba? Me mutane za su ce?” Ya sake nuna ƙofa, ya ce Alhamdu lillahi da wata irin murya da na san faɗa ne.

Goggonku tana tsaye a bakin ƙofa, ta ji komai. Ita da ta riƙe hannuna waccan ranar, yau ita ta karɓi kofin kokon daga hannuna ta ce, “Tahi. Ni ina nan wurin shi.”

Don haka ba Goggonku za ki gani ba, ni ce. Ba zan zauna ba, ba zan sha ruwa ba. Ki sa hijabinki mu shiga wurin Hajiya tare, ni zan yi maganar da na kasa yi jiya, ke ki kira maigidanki ya zo da mota. In ta ce gajiya ce, zan ce mata ta zo Argungu ta sake duban gajiyar da take kwance a ɗakina. Takardar kuwa ki sa a jaka, kya karanta a kan bencin asibiti muna jiran likita.

Allah ya sa mu iske ta tsaye da ƙafafunta. Allah ya ba ta lafiya, ya ba babanku sauƙi, ya tsare ki da mijinki da zuriyar da zai ba ku. Allah ya kiyaye mana hanya, ya yi miki albarka duniya da lahira. Ga mota can tana kiran Birnin Kebbi, bari in sa takalmi.

Wassalam.

Ni ce,
Innarki